Igiyar Gininku Ta Ratsa Kabarin Mahaifina

Zuwa ga Baba Fasto, Shugaban Majalisar Ikilisiyoyinmu ta yankin Konni,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Mama da dattawan majalisa. Ni ce Rahila, 'yar marigayi mai bishara Anaruwa, wanda ya kafa ikilisiyar ƙauyenmu a ƙasar Dogarawa. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Illela. Sau uku na zo buronka, wato ofishinka, sau ukun sakatare ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce ka yi tafiya. Ruwan ya yi daɗi, na gode. Amma ranar Litinin mai zuwa za a fara haƙa tushen sabuwar majami'a, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai karanta.

Na farko. Igiyar da magina suka ja daga turke zuwa turke, a kusurwar gabas, ta bi ta kan kabarin mahaifina. Na je na gani da idona. Siminti ya iso daga Malbaza an jibge, an sauke yashi a daidai ƙafafun mahaifina. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu a ɓace yake.

Na biyu. Sabon fastonmu ya ce babu kabari a wurin, don bai ga siminti ko gicciye ba. Yaro ne mai ƙwazo, ya iya wa'azi, ba na raina karatunsa. Amma sa'ad da muka binne Baba, shi ko wando bai fara sawa ba. Baba ne da bakinsa ya hana a sa masa siminti. Ya ce a rufe shi yadda aka rufe ubansa: a jera itace, a mayar da ƙasa, a ɗora ƙaya, a kafa fasasshiyar tukunya wajen kai. Shekara talatin mutanen gari suna ce masa ya zama Bature, bai so kabarinsa ya gaskata su ba. Ƙayar ta ruɓe, awaki sun tattake tukunyar. Aduwar da muke gane wurin da ita kuwa, ku kuka sa aka sare ta bara, aka dafa abincin babban taro. Kun ci tuwo da alamar kabarinsa, yau kuna tambayata ina alama.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ranar da Baba ya rasu, gari ya ce ba za a kai shi maƙabarta ba. Kiristocin ƙauyen a lokacin gida huɗu ne, mazan duk sun tafi cin rani. Ƙanensa, Baba Idi, Musulmi, mai kiran salla a masallacin unguwa, shi ya ɗauki galma ya shiga filin majami'a, maƙwabta biyu suka bi bayansa. Sun sha magana a kan haka har damina ta zagayo. Makon jiya na kai shi gaban kwamitin gini, a kan amalanke, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Ya nuna wurin da sandarsa ya ce: “Ɗiyata, nan na gina kushewar wana da hannuna. Shina nan kwance, ko sun so ko sun ƙiya.” Kwamiti ya ce ba a karɓar shaidar wanda ba ɗan ikilisiya ba. Baba Fasto, hannunsa ya isa ya haƙa wa mai bishararku kabari, bakinsa ne bai isa ya faɗi inda ya haƙa ba? Tsohon ya ce a mayar da shi gida. Ban taɓa jin kunyar ikilisiyata irin ta ranar ba.

Na huɗu. An rarrashe ni da cewa za a rubuta sunan Baba a bangon sabon ginin, da fenti mai kyau. Mutumin da ya je asibitin mishan da gyambo a ƙafa, ya dawo da Littafi a hannu, danginsa suka raba ƙwarya da shi. Wanda ya fara sujada a ƙarƙashin zana, yana buga ƙarfen ƙafar mota don mutum biyar su taru. Wanda jakinsa ya san hanyar Bazaga da Alela ba sai an kora shi ba. Sunansa kuke so a bango, shi kansa kuma a kwashe shi da shebur. Ku riƙe fentinku.

Ba na gaba da ginin. Tsohuwar majami'a tana yoyo, na sani, a cikinta aka ɗaura mini aure. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka dakatar da haƙan nan kafin Litinin. Ka zo da kanka, ka durƙusa ka gaida Baba Idi a gidansa, ka ba shi haƙuri, ka ji ta bakinsa da ta Inna, matar da Baba ya bari. Sannan a matsar da igiya taki shida zuwa yamma. Fili yana nan fal, ba abin da ke cikinsa sai tumfafiya.

Idan ba a yi ba, Inna ta ce a shimfiɗa mata tabarma a kan wurin tun da hantsi. Idonta ya tafi, amma ta ce ba ta buƙatar ido ta gane inda mijinta yake. Na nemi izini a lakwal, zan zauna kusa da ita. Duk wanda zai sara ƙasar nan, sai ya fara tayar da tsohuwa.

Allah ya ja zamaninka, Baba Fasto, ya ƙara maka hikimar kiwon garkensa. Ranar da kai ma ka kwanta, Allah ya bar maka wanda ya san inda kake, ya kuma sa a yarda da maganarsa.

Wassalam, taka cikin Ubangiji,
Rahila Anaruwa
Illela