Siririyar Ƙarar da Ni Kaɗai Nake Ji

Litinin, 3 ga Maris

Yau Yallaɓai ya dawo daga maɗaba'a rungume da kwalaye biyu, bakinsa har kunne. Na ce shi ke nan, ranata ta zo. A littafin da nake karantawa, in miji ya shigo da kwali, to turare ne ko sarƙa. Na buɗe. 'Yan akwatunan ƙarfe ne guda biyu, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan azurfa, kowanne bai fi littafin aljihu girma ba.

Wai sunansu DAC. Ya zaunar da ni ya yi min karatu: waƙar da ke cikin kwamfuta lambobi ce zalla, wannan akwati shi ke mayar da ita sauti kafin ta bi ta amfilifaya ta fito a sifika. Abokinsa mai shagon kayan sauti ya ba shi aron duka biyun na sati biyu, ya saurara, ya riƙe ɗaya ya mayar da ɗaya.

Na ce, "To ba waƙa ɗaya ba ce?" Ya kalle ni kamar na zagi danginsa.

Talata, 4 ga Maris

An matsar da kujerata. Wai wuri ɗaya tak ne a falon nan inda sautin sifikun biyu ke haɗuwa daidai. Wata biyar ina share falon, ban sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na samu aiki. Shi zai zauna a kujerarsa da ya kafa a wurin haɗuwar sautin ya ɗaure idonsa da gyalena, ni kuma in tsuguna a bayan tebur ina sauya wayoyin nan ja da fari daga wannan akwati zuwa wancan, ba tare da na faɗa masa wanne ke aiki ba. Kafin mu fara sai da ya auna ƙarfin sautinsu da wayarsa ya daidaita, wai duk wanda ya ɗara ƙarfi shi kunne zai ce ya fi daɗi, ko da ƙarya ne.

Sau bakwai cikin goma ya canka daidai. Ya cire gyalen yana cewa, "Malama mai littafi, kin ga kunne ko?"

Azurfar yake so, wai komai yana fitowa fes. Ni baƙin ya fi kwanta min, muryar mawaƙiyar tana zuwa da taushi kamar tana kusa da kai. Azurfar tana da kaifi, tana ɗan tsira min a kunne. Ba a dai tambaye ni ba.

Amma yana da kyau in ya rufe ido yana sauraro. Ya sa hannu a ƙirji bai sani ba. Na daɗe ina kallonsa kafin in sauya waya.

Asabar, 8 ga Maris

Da waƙa ta ƙare, kafin wata ta fara, sai na ji wata siririyar ƙara daga sifika, tsiii, kamar sauro a nesa. Na ce, "Yallaɓai, ba ka ji?" Ya ce, "Me?" Ya kara kunne ya daɗe, sai ya yi dariya. "Littattafan nan za su sa ki fara jin muryoyi."

Na mayar kan baƙin. Shiru. Na dawo kan azurfa. Tana nan.

Lahadi, 9 ga Maris

Yini na yi ina lura da shi. Butar shayi ta yi ta kuka a kicin, yana ƙofar, bai motsa ba sai da ta tsananta. In na yi magana daga hagunsa sai ya juyo min da gefen dama. Sau nawa na kira shi a hankali bai amsa ba, na shiga ɗaki na yi kuka na ce ya fara gajiya da ni? Har shafin da jaruma ta shiga irin wannan hali na naɗe don in riƙa komawa.

Injin buga takardu da yake aiki da shi a hagunsa yake, awa takwas kullum. An ba su marfin kunne, shi ba ya sawa. Ya ce da kunne yake gane takarda za ta maƙale tun kafin ta maƙale, kuma duk maɗaba'ar shi kaɗai ya iya. In yana ba ni labarin nan har zama yake gyarawa.

Ta ina zan fara?

Litinin, 10 ga Maris

Na kira Yaya. Ta ce, "Ke da Allah, faɗa masa kawai. Kina jira sai an kira shi ta bayansa bai ji ba?" Yaya ba ta san shi ba. Da in ce masa kunnenka ya samu matsala, gara in ce ba ni sonsa.

Laraba, 12 ga Maris

Na ce yau ni zan ɗaura gyalen, shi ya sauya wayoyi. Ya ji daɗi, wai almara ta sake ni. Na ce amma kada ya sa waƙa, ya dai kunna amfilifaya ya bar ta haka.

"Ba waƙa? To me za ki ji?"

Na ce ya gwada dai.

Azurfa. Baƙi. Baƙi. Azurfa. Har goma ban kuskure ba. A na bakwai ya daina tsokana. Da na cire gyalen yana tsugune da jar wayar a hannu, yana kallon sifika.

Na faɗa masa maganar buta, da kiran da ba ya amsawa. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce ban sani ba, ni ma shirme na ɗauke shi, na zaci fushi yake da ni. Ya ce, "Fushi? Da ke?" Ya ajiye wayar. Abincin ma kaɗan ya taɓa.

Alhamis, 13 ga Maris

Bai kunna komai ba. Ban san falon nan yana da girma haka ba.

Asabar, 15 ga Maris

Shi da kansa ya ce in shirya. Asibitin kunne. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka ɗora masa abin ji a kai, aka ce ya danna maɓalli duk sanda ya ji ƙara. Ina ganin likitar tana taɓa na'urarta, shi kuma yatsansa bai motsa ba. Na kawar da kai.

Ta nuna mana takarda mai layi biyu. Na dama ya ɗan sunkuya a ƙarshe, na hagu ya gangara sosai. Siraran sautuka ne suka fara tafiya. Ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma saura da yawa, in ya rufe kunnensa a wurin aiki daga yanzu. Ya ce, "To injin fa?" Ta ce, "Injin yana da wani kunnen da zai ara maka?"

A hanya ya ce, "Ke za ki zaɓa cikin akwatunan nan. Shaidata ta lalace."

Lahadi, 16 ga Maris

Ya fita, na zauna a kujerarsa. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina cirewa ina mayarwa. Da na zare cajar kwamfuta daga bango, ƙarar ta ɗauke ɗif! Na mayar, ta dawo. Na yi tsalle ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Sannan na sa waƙar da ya fi so, na toshe kunnen hagu da yatsa, na saurari duka biyun. A baƙin, ƙananan kiɗan nan na sama sun nutse. A azurfar suna nan, suna leƙowa. Ashe abin da yake bi ke nan.

Da ya dawo na ce azurfa, da sharaɗin a cire caja. Ya ce, "Ba baƙin kike so ba? Ina ganin fuskarki." Na ce na canja ra'ayi, mace ba ta da dama?

Litinin, 17 ga Maris

An mayar da baƙin. Ya tafi aiki da marfin kunne a jaka. Ya ce yanzu tafin hannu zai riƙa ɗorawa a jikin injin ya ji motsinsa. Za mu gani.

Alhamis, 20 ga Maris

Ya jawo kujerata kusa da tasa, wai mu raba wurin. Ba wanda ke zaune daidai yanzu.

Kwana biyun nan ina zama a hagunsa, in waƙa ta yi nisa sai in raɗa masa irin maganganun da nake ja wa layi a littafi. Ya ce, "Na'am?" In ce ba komai.

Yau a damansa na zauna, na kuma raɗa masa kamar kullum. Mantuwa ce.