Fiton Baba

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976
Kawu Abu ya kawo mana kayan marigayi Baba daga Gwiwa: baka, kwari, rigar farauta, da karensa Gajere. Ban nemi kare ba. Amma na Baba ne, zan riƙe.

Laraba, 6 ga wata
Ya ƙi shiga gida. Yana zuwa bakin zaure sai ya ƙame, jela tsakanin ƙafafu. Kawu ya ce tun yana ɗan kwikwiyo bukka ta kama wuta da shi a ciki. Gindin darbejiya yake kwana.

Alhamis, 7 ga wata
Mai shela ya zagaya Kazaure: haukan kare ya ɓulla, daga Juma'a ta sama duk karen da aka gani a titi za a harbe. Kwana takwas ke nan. Uwa ta ce, "Saude, ke malamar makaranta ce ko mafarauciya? Gidan da ake salla?" Na ce wajen turken awaki zai zauna, ba ɗaki ba.

Asabar, 9 ga wata
Kawu ya ja Gajere da igiya don ya shiga gida. Kuka, fitsari, wuya ya saluɓe. Na kwance shi da hannuna, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ka bar mini." Ban taɓa yi masa musu ba sai yau.

Litinin, 11 ga wata
Kullum ina matsar da kaskon tuwonsa taki ɗaya zuwa cikin zaure. Ni kuma in zauna a zaure ina duba littattafan 'yan aji uku, ba na kallonsa. Yau ya sa ƙafa biyu a ciki.

Laraba, 13 ga wata
Ya koma baya. Bai ci ba. Ni ma.

Alhamis, 14 ga wata
Da la'asar na shimfiɗa rigar Baba a tsakar gida, na gwada fiton da yake kiransa da shi. Iska kawai ke fita. Sai na ji Uwa a bayana: "Ba haka yake yi ba." Matar da ta mare ni ina ƙarama don na yi fito! Ta tattara leɓe, gajeru biyu, dogo ɗaya.
Gajere ya ratsa zauren da gudu, ya faɗa kan rigar yana shinshina. Uwa ta shige ɗaki.

Juma'a, 15 ga wata
Mun ji harbi uku daga wajen kasuwa. Yana kwance kusa da awaki.

Litinin, 18 ga wata
Na dawo gida daga makaranta lokacin hutun tara, wai na manta rajista. Tana cikin jakata. Ruwansa dai na duba, akwai, Uwa ta riga ni.