Za a Ware Mu

Daren Laraba, Soron Ɗinki

Yau a mitin ɗin malamai firinsifal ta karanta mana takardar da aka aiko daga ofis, wai za a yi "hive off" na ƙananan azuzuwa. Ban san kalmar ba, sai na bi sahun mutane ina gyaɗa kai, har da murmushina.

Da muka fito na ja Malama Binta gefe na tambaye ta, tunda ita ke koyar da Turanci. Ta daɗe tana gyara mayafi kafin ta ce, "Ware ku za a yi, Yaya Hajara. Za a kai ku sabon gini can bayan Ƙofar Dawanau, ku zama makaranta daban. Mu muna nan."

Shekara goma sha shida muna zama tebur ɗaya da ita. Ita ta riƙe min ajina lokacin da nake takaba. Na dawo gida na kasa cin komai.

Ta ce in kwantar da hankalina, ai za mu riƙa waya. Na ce haka ne. Amma haka muka ce wa Malama Rabi da aka yi mata canji, kuma yau ko lambarta ba ni da ita.