Muryar matata ce a cikin maɓallan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, don duk garinmu babu wanda zan gaya wa wannan ya gane.

Ina zaune a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ina noma, ina kuma aikin kwamfuta da wasu samari uku da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai manhajar da ake tsara fuskar app da ita, mutum ya jawo maɓalli ya ajiye inda yake so, to ni aikina ƙera sababbin maɓallan. Shekarar da taki ya gagari kowa, na ƙera masu magana saboda manoman da ba su yi boko ba, ka taɓa hoton gero ya ce "gero", ka taɓa kibiya ta ce "koma baya". Muryata ba ta fita sosai, sai matata Hadiza ta karɓa. Kalma arba'in da biyu ta faɗa, tana yi tana dariya muna sakewa, wai kunyar wayar take ji.

Daminar bara zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida, Allah ya karɓi abarsa. Ba mu haihu ba. Yanzu in na dawo daga gona babu mai ce min sannu da zuwa, sai in buɗe kwamfuta in ce wa kaina gwaji nake.

Abokan aikina sun ce lokaci ya yi a saki maɓallan kowa ya ɗauka. Da na gaya wa mahaifin Hadiza ransa ya ɓaci, ya ce 'yarsa tana kabari ba za a riƙa yawo da muryarta a wayoyin maza a kasuwar Dawanau ba, in goge kawai. Amma Inna mahaifiyarta, duk da kunyar surukuta, ta biyo ni har zaure ta ce, "Ɗan nan, kunna min inda take cewa dawa." Sau uku ta saurara, ta share ido, ta ce kada in kuskura in goge.

Abokan suka ce ai in sa wata muryar, aikin wuni ɗaya ne. Na samu wata malamar firamare ta yarda, ta zo ranar kasuwa ta zauna, wallahi na kasa danna rikodin, na yi mata ƙarya na ce caji ya ƙare.

Jibi suke jiran amsata. In bi maganar Baba in goge? In saki maɓallan manoma su amfana, ko ladan ya kai mata? Ko in ɓoye, daga ni sai Inna mu riƙa ji? Da ku ne, yaya za ku yi?