Rajistar Iri a Bungudu

Bungudu, Litinin

Ɗiyata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mutanen Gusau? Innarki Saratu tana gaishe ki.

Bayan haka, manhajar da kika rubuta muna don rajistar manoma ta tsaya muna a wuya. Kin san Juma'a za a rufe, kuma wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da ingantaccen irin gero bana. Yau mutum sittin sunka taru ƙofar ofishin ƙungiyar manoma. Na fara da Malam Bashar na bakin kasuwa. Manhajar ta ce a sa ranar haihuwa. Ya ce an haife shi shekarar da fara ta cinye dawa. Na rubuta shekarar da munka ƙiyasta, ta ce "Sake shigarwa." Na sake, ta sake. Sau goma sha ɗaya! Ba ta gaba, ba ta baya. Mutum tara kaɗai munka shigar, sauran sun watse suna gunaguni, kuma ni sakatare suke harara.

Kawunki,
Audu

Gusau, Talata

Kawu,

Amin wa alaikumus salam. Na ga hoton takardarka a waya, kuma wallahi kunya ta kama ni. Laifina ne, ba naka ba.

Da gangan na sa take maimaita tambaya. Lokacin da muka gwada ta a Tsafe, wani ya zuba lambar wayarsa a gurbin girman gona, manhajar ta rikice, sunayen yini guda suka salwanta. Shi ne na umarce ta da kada ta wuce kowace tambaya sai amsar ta yi daidai; in ba ta yi ba, ta sake tambaya. Amma na ce mata daidai shi ne rana da wata da shekara, na manta dattawanmu da yawa ba a rubuta musu ba. Kuma ban koya mata faɗin abin da ya ɓaci ba.

Na gyara. Yanzu tana karɓar shekara kaɗai, ko a danna "Ban sani ba" a sa ƙiyasi. Ka buɗe data ta sabunta kanta. Don Allah ka ba Malam Bashar haƙuri.

'Yarka,
Juwairiyya

Bungudu, Laraba

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Madalla, Malam Bashar ya shiga, da mutum ɗari da ashirin. Sai dai wata sabuwa: ta ƙi Mas'udu mai shanu, ta ƙi Sa'idu, ta ƙi duk ɗiyan gidan Ɗanladi. Cewa take "Haruffa kaɗai." Mas'udu ya ce, "Malam Audu, to sunan nawa da mi anka rubuta shi, da tsakuwa?" Mutum talatin da ɗaya ne. Saura kwana biyu.

Audu

Gusau, Laraba da la'asar

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi dariya, sannan na duba manhajar. Haruffan Turanci kaɗai na lissafa mata, shi ya sa ba ta san ɗ da ƙ da ɓ ba, balle 'yar alamar da ke tsakiyar Mas'udu. Na ƙara su. Amma wannan karon ba zan gyara daga kan kujera ba. Na nemi izini a wurin aiki, gobe da safe zan shigo motar farko in zauna kusa da kai har mutum na ƙarshe.

Juwairiyya

Bungudu, Lahadi

Ɗiyata,

Ina fata kin koma Gusau lafiya. Zamanki da mu ya yi amfani, kowa ya shiga kafin a rufe, har su Mas'udu. Motar iri ta iso jiya da hantsi. Anka kira suna ɗari biyu da goma sha huɗu, kowa ya amsa, kowa ya ɗauki buhunsa. Ban san na gaji ba sai da na zauna.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Allah shi yi miki albarka.

Kawunki,
Audu