Sun Rushe Ginshiƙan da Na Sani

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ya maigidanki, ya yara? Ni lafiya lau.

Suna ƙara ƙofofi a filin jirgin nan, wai fasinjoji sun yi yawa. Kin san ban yi boko ba. Tun da nake tura tsofaffi a keken guragu, da ginshiƙai nake gane kowace ƙofa. Sun rushe su, ko tambayata ba a yi ba! Shekaranjiya na kai wata tsohuwa ƙofar da ba tata ba, jirginta ya tafi. Shugabanmu ya ce, "Baba, in ka sake, shi ke nan."

Laifin magina ne, amma ni za a kora.

Ki zana min lambobin boko manya-manya, irin na jikin ƙofofin, kowace da ɗige-ɗige daidai yawanta a gefe, ki aiko. In innarki ta tambaya, ki ce adon bango ne.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki