Muryar Ummu Saleh

Alhamis, 7 Nuwamba 2024

Sun sake fita. Na dawo daga aiki na tarar da abincina a rufe kan tebur, gida shiru, sai ƙamshin turaren Mastura har bakin matakala.

Ni na jawo wa kaina. Da Ruba ta ce ta shiga ƙungiyar makaɗa, ni ne na kafe cewa ba 'yata da za ta fita bayan isha'i sai da uwarta. Na ɗauka Mastura za ta gaji, maganar ta mutu da kanta. Ga shi an shiga wata na uku, kuma uwar ce ke riga 'yar shiryawa. Makon jiya ina ji tana cewa, "Yalla ya Ruba, za a zauna mini a kujera." Kujera! Matar da ko bikin maƙwabta a nan unguwarmu Hindawiyya sai an roƙe ta.

Da Hausa nake rubuta wannan don hankalina ya kwanta. Ruba tana ji, amma ba ta iya karantawa. Mastura kuwa a nan Jidda aka haife ta, da Larabci ta yi makaranta.

Asabar, 9 Nuwamba

Mastura tana wanke tukunya tana wani rera-rera ƙasa-ƙasa. Ina shigowa ta yi shiru. Na ce mene ne, ta ce famfo ne.

Alhamis, 14 Nuwamba

Motar Ruba tana wurin bakanike, dole na kai su. Niyyata in zauna a mota in jira.

Sunan wurin Makhzan, wato sito. Ni da nake wuni a siton kamfanin kwali, a sake kai ni sito bayan an tashi aiki. Kuma da gaske tsohon sito ne, a wani lungu bayan Balad, tsohon gari, ƙofar ƙarfe shuɗiya, ba ko allo. Ina zaune sauro na cina, sai wata yarinya mai gilashin ido ta ƙwanƙwasa mini taga. Joud, ita ke riƙe da wurin. Ta ce, "Ammi, mijin Khala Mastura ba ya zama a waje, abin kunya ne a gare mu." Ammi wato baffa, Khala kuma inna. Na bi ta.

Ciki bai fi falonmu uku ba. Dardumai a ƙasa, kujeru ba biyun da suka yi kama, ƙananan fitilu rataye a waya kamar na biki. Shayi, gahawa, lemon tsami da na'a-na'a. Na leƙa kofuna sosai, na yarda ba abin maye.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne shigar Mastura. Ko'ina "Khala! Khala!" Wani dogon yaro mai tulin gashi, Nawaf mai ganguna, ya zo ya sumbaci kanta. Wata ta kawo mata shayi ba ta tambaya ba, sukari daidai yadda take so. Ni aka nemo mini wata kujerar roba aka ajiye a gefenta kamar ɗan rakiya. To, ɗan rakiyar ne.

Ruba tana kaɗa jita mai kaurin murya, bes suke ce mata. Ba a kunne ake jin ta ba, a ƙirji. Yarinyar da in baƙo ya zo gida take ɓuya a ɗaki, ga ta tsaye a gaban mutane ido rufe, tana gyaɗa kai. Ban gane waƙar ba. Amma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ko ni na san wannan.

Juma'a, 15 Nuwamba

Kunnena na dama yana ta ƙara. Bayan sallah maƙwabcina Abdulghaffar ya ce bai gan ni a zaman shayinmu jiya ba. Na ce na kai iyali unguwa. Ai ba ƙarya na yi ba.

Alhamis, 21 Nuwamba

An gyara motar Ruba, amma ban yarda da birkin ba tukuna.

Yau daren kowa-ya-hau ne, duk mai so a ba shi makirfo. Wani likitan haƙori ya yi waƙar soyayya da muryar da ta fi injinsa ciwo, aka tafa masa kamar ya ci kofi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ta yi tata da harshensu, ta yi kuka, aka tafa. Wani dattijo ɗan Makka ya zo da udu, garayar Larabawa, igiya ta tsinke masa a tsakiya, ya ce, "Ita ma ta tsufa," ya ci gaba da sauran. Na yi dariya har Mastura ta zungure ni.

Da aka tashi, mutane sun ragu, yaran suna naɗe wayoyi. Nawaf yana ɗan buga wani kiɗa da hannu a kan akwatin lasifika. Mastura ta ce ba haka ba ne, ta tafa masa yadda ya kamata. Ya bi ta. Sai kawai ta buɗe baki.

Waƙar kakarta ce, wadda ta taso daga Damagaram a ƙasa don aikin Hajji ba ta koma ba. Tana lissafa garuruwan hanya, da rijiyoyi, da waɗanda aka binne kafin a ga teku, bayan kowane baiti ta ce "da ƙafa muka zo." Murya mai faɗi, ba irin wadda take kiran mu cin abinci da ita ba. Shekara talatin da ɗoriya muna ɗaki ɗaya. Ban taɓa ji ba.

Joud ta ajiye tiren hannunta. Ta ce ranar sha biyu ga Disamba akwai fili, Khala ta hau, ƙungiyar Ruba ta raka ta. Mastura ta yi dariya ta rufe fuska da gefen mayafi. A mota, sai da muka shigo unguwa ta ce, "Abu Saleh, sai abin da ka ce."

Lahadi, 24 Nuwamba

Ban ce komai ba tukuna.

Ba wai haramci nake tunani ba, na ga wurin da idona. Waya nake tunani. Duk wanda ke can hannunsa a sama yake yana ɗauka. Kwana ɗaya ya isa bidiyo ya zagaye Hindawiyya, ya kai unguwar Mahjar, ya kai Kano wurin 'yan'uwana. Tun da na shigo ƙasar nan ina saurayi nake bin gefen bango. Iƙama, takardar zama, a aljihu, gaisuwa ga kowa, kafili, ubangidan da ya tsaya mini, bai taɓa jin sunana a wani abu ba sai aiki. Da haka na rufa wa gidan nan asiri. Yanzu a ce matar Muntaka ce a kan dandali?

Talata, 26 Nuwamba

Na faɗa wa Mastura duk wannan tana ninke kaya. Ta bari na gama. Ta ce, "A garin nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Ni ma gefen bangon na bi. Ban taɓa ɗaga murya a cikinsa ba, ko a kasuwa." Ta ninke riga ɗaya, ta ce, "In ka ce a'a, halas, ba zan yi fushi ba. Amma waƙar daga kaina ta ƙare. Ruba ba ta iya ba."

Na ce me ya sa ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Na fita sayen burodi, alhali akwai burodi.

Laraba, 27 Nuwamba

Na kira Saleh a Dammam don ya goya mini baya. Ya ce a ajiye masa wuri a gaba. Babban ɗa ke nan.

Juma'a, 29 Nuwamba

Bayan cin rana na ce mata in dai za ta hau, ban da wannan abayar mai ruwan toka, tana sa ta kamar mai zaman makoki. Ta dube ni. Ta ce wacce za ta sa. Na ce koriyar. Shi ke nan abin da aka yi. Ruba ta yi wata ƙara daga ɗaki, ashe tana laɓe.

Asabar, 7 Disamba

Sun mai da falona wurin gwaji. Nawaf da mai jita da Ruba, ba ganguna saboda maƙwabta, sai bayan tire da kwalin madara. Tukunyar shinkafar da muke kwana biyu muna ci, a zama ɗaya suka share ta, Nawaf yana kankare ƙanzo yana cewa, "Khala, me ake kiran wannan?"

Matsalar amshi ce. Ruba ta rubuta musu da baƙaƙen Larabci, su kuma mutanen Jidda sun saba mai da harafin ƙa ya koma ga. Sai ga su suna rera "da gafa muka zo." Gafa a bakinsu ƙeya ce. Kakar Mastura ta yi tafiyar shekaru a kan ƙeya! Mastura ta yi dariya har ta kwanta a kan kujera.

Ina ɗaki ina ji, na kasa daurewa. Na fito na ce su tsaya. Ƙa. Daga maƙogwaro, a matse, a saki. Ƙafa. Nawaf ya yi ta gwadawa kamar ƙashin kifi ya maƙale masa. Ruba ce ta fara samu. Ta ce, "Baba, ƙafa. Ƙofa. Ƙauna." Ta yi ta nemo kalmomi tana jera mini. Rabon da ta yi mini doguwar Hausa haka tun tana firamare.

Yanzu wai ni ne ustaz ɗin amshi.

Laraba, 11 Disamba

Ta tashi da safe ta ce ta fasa. Muryarta ta dushe, gwiwarta na ciwo, mutane za su yi dariya, me tsohuwa za ta yi a cikin yara.

Raina ya ɓaci, har na yi mamakin kaina. Na ce ta tara 'ya'yan mutane sun cinye mini shinkafa, na ɓata Asabar ina koya wa Balarabe ƙa, sannan yanzu ta ce gwiwa? Na dafa mata citta da zuma kafin in fita. Na zuba citta da yawa, ta sha tana tsaki, amma ta shanye.

Alhamis, 12 Disamba

Wurin ya cika har bakin ƙofa. Saleh ya iso daga filin jirgi da jakarsa. Na ga fuskoki irin namu da yawa, samari da 'yan mata da ba na tsammanin sun taɓa zuwa, Joud ta ce labari ne ya bazu.

Ta hau da koriyar abaya. An ajiye mata kujera, ta ƙi zama. Ni aka bar wa jakarta, na rungume ta a cinya kamar za a ƙwace.

Baitin farko muryar ta yi rawa. A na biyu ta tsaya cak. Kiɗa na tafiya, Ruba na kallonta, ita tana kallon fitila, ta manta garin da ke biye. Ni kuma na ji waƙar nan a falo har na haddace ba da niyya ba. Daga inda nake na ce, "Abeshe!" Da ƙarfi, ashe. Duk aka waiwayo. Ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce a makirfo, "Shukran, Abu Saleh," aka fashe da dariya, ta kama daga Abeshe.

Daga nan ba ta sake tsayawa ba. Kafin a kai teku duk ɗakin na amsawa, Larabawa da 'yan Filifin da likitan haƙori, rabinsu a kan ƙeya suka zo, ba komai. Nawaf dai ya faɗa daidai, ya neme ni da ido, na ɗaga masa yatsa.

Bayan an gama wata yarinya, Luba, ta zo ta riƙe hannun Mastura tana kuka. Da Larabci ta ce kakarta na yi mata irin wannan tana ƙarama, ba ta san ma'anar ba sai yau da Ruba ta fassara. Ta ce da Hausa, a karye, "Na gode, Inna." Mastura ta rungume ta. Ni na duba cikin jaka ina neman abin da ban sani ba.

Juma'a, 13 Disamba

Ta makara. Na fita na sayo ful da tamis, wake da burodin tanda, na haɗa shayi, ban tashe ta ba. Saleh ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce ya ci abincinsa.

Lahadi, 15 Disamba

A wurin aiki ba wanda ya ce komai. Kwali dai kwali.

Talata, 17 Disamba

Ya iso unguwa. Bayan magariba muna zaune a bakin shagon Abdulghaffar, mu biyar, ya ciro waya ya miƙo mini a gaban kowa. Koriyar abaya, ga kuma ƙeyata a ƙasan hoton. Ya ce, "Abu Saleh, wannan ba Ummu Saleh ba ce?" Sauran kowa na kallon kofinsa.

Na karɓa na kalla har ƙarshe. Na ce ita ce. Na ce amma wanda ya ɗauka ya tsaya kusa da lasifika, duk ya ɓata sautin, ba a jin ƙasan muryar. In yana so ya ji yadda take da gaske, za ta sake hawa a watan gobe, motata na da wurin mutum biyu, ya zo da Hajiyarsa.

Ya karɓi wayarsa. Ya ƙara mini shayi.

Ban faɗa wa Mastura ba. Ban ma san ko ta yarda za ta sake hawan ba, sai na tambayi Joud ranar Alhamis.